BABI NA HUƊU: MATSAYIN MAKIRFO WAJEN ƊAUKAR WAƘOƘIN MAKAƊAN GARGAJIYA A SITUDIYO

4.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an yi bayanin rukunonin makaɗan da ake samu a ƙasashen Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa, wato makaɗan noma da na farauta da na tauri da masu kalangun biki da kuma mata masu kiɗan ƙwarya. Wannan babi zai yi ƙoƙarin duba abin da yake faruwa da irin waɗannan waƙoƙi idan aka ɗauke su daga gona ko dandali aka shigar da su ɗakin ɗaukar sauti, wanda aka fi sani da situdiyo. Dalilin keɓe babi guda ga wannan batu shi ne, mafi yawan masu nazarin waƙar baka a yau daga kaset ko faifai ko katin waya suke karɓar waƙa, ƙalilan ne suke jin ta daga bakin makaɗi. Ke nan tsakanin makaɗi da manazarci akwai makirfo, akwai kuma mutumin da ya zaɓi wurin da aka kafa shi. Babin zai nuna cewa wannan zaɓi yana iya sauya sifar waƙa, har ya kai manazarci ga yanke hukuncin da bai dace da ita ba.

4.1 Taƙaitaccen Tarihin Ɗaukar Waƙoƙin Hausa

Kamfanonin faifai sun fara amfani da makirfo mai aiki da lantarki ne a shekarar 1925. Ba a daɗe ba, tsakanin 1927 da 1929, kamfanin Zonophone ya ɗauki waƙoƙin mutanen Afirka ta Yamma a birnin Landan, kuma Hausa tana cikin harsunan da aka ɗauka. Faifan garmaho na wancan zamani bai wuce ya ɗauki kimanin minti 3 a kowane gefe ba, alhali makaɗin Hausa yakan shafe rabin sa'a a kan waƙa ɗaya idan wuri ya yi wuri. Wato tun daga farko na'ura ce ta fara gindaya wa waƙa iyaka.

A Arewacin Nijeriya gidajen rediyo ne suka yi aiki mafi yawa, musamman Gidan Rediyon Kaduna da aka kafa a 1962, da kuma Gidan Rediyon Kano. A irin waɗannan wurare aka ɗauki da yawa daga cikin waƙoƙin da ake nazari a jami'o'i. A ɓangaren masana kuwa, David Ames ya ɗauki kiɗe-kiɗen Hausa a ƙasar Zazzau a 1963 da 1964, daga baya shi da Anthony King suka fitar da littafinsu na keɓaɓɓun kalmomin kiɗan Hausa a 1971. Kaset, wanda kamfanin Philips ya fito da shi a 1963, shi ya kai waƙa ƙauyuka, domin da rikoda mai batir manomi a Kiru ko a Doguwa yana iya sauraron Shata a gindin bishiya. Sauyin da ya fi shafar wannan nazari ya zo ne daga tsakiyar shekarun 1990, lokacin da situdiyoyin waƙoƙin finafinai suka yawaita a birnin Kano. An gina su ne domin fiyano da muryar mutum ɗaya, a ɗan ƙaramin ɗaki mai makirfo guda. Makaɗin karkara da ya hau mota daga Kwanar Ɗangora zuwa birni da niyyar ɗaukar waƙarsa, irin wannan ɗaki ya fi yiwuwa ya tarar.

4.2 Yadda Makirfo Yake Jin Sauti

Kunnen ɗan'adam yana da tacewa. Mutum yana iya tsayawa a tsakiyar gayya, ganguna suna tashi, manoma suna kirari, amma ya tattara hankalinsa ga muryar makaɗi ya ji abin da yake faɗa. Makirfo ba shi da wannan baiwa. Abin da ya fi kusa da shi, shi yake fifitawa, kuma bisa ƙa'ida sananniya: duk lokacin da aka ninka nisan da ke tsakaninsa da mai sauti, ƙarfin sautin yakan ragu da kimanin desibel 6 a fili. Alal misali, idan bakin jagora yana nesa da makirfo da santimita 10, 'yan amshinsa kuma suna tsaye a bayansa da santimita 160, an ninka nisan sau huɗu ke nan, muryarsu za ta faɗi ƙasa da tasa da wajen desibel 24. A kunne wannan tazara ce babba, kamar ta mai magana a cikin zaure da wanda ake jiyowa daga cikin gida.

Makirfo iri biyu aka fi amfani da su. Akwai mai juriya wanda ba ya buƙatar wuta ta musamman, irin Shure SM58 da aka fara yi a 1966, wanda shi da ire-irensa ake gani a hannun masu shela da mawaƙan biki. Yana ɗaukar bugu mai ƙarfi ba tare da sauti ya fashe ba, amma sai an matso kusa da shi. Akwai kuma mai kaifin ji wanda na'urar haɗa sauti take ba wa wuta mai ƙarfin bolt 48, shi kuwa yakan kama har motsin yatsa a kan tsarkiya. Bugu da ƙari, sun bambanta ta fuskar inda suke saurare. Wani gabansa kawai yake ji, wani gaba da baya, wani kuma ko'ina. Mai jin gaba kaɗai yana da wata ɗabi'a, wato idan aka kusance shi ƙwarai yakan ƙara wa murya kauri. Saboda haka bai kamata manazarci ya yi gaggawar siffanta muryar makaɗi da kauri ko gangara ba, sai ya san yadda aka ɗauke ta.

4.3 Jagora da 'Yan Amshi

A nan ne matsalar ta fi girma. Waƙar ƙungiya ta Hausa aiki ne na haɗin guiwa tsakanin jagora da 'yan amshi, kuma rabon aikin ya bambanta daga makaɗi zuwa makaɗi. A wajen Alhaji Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, jagora shi yake ɗauke da kusan dukkan nauyin waƙa, 'yan amshi kuwa gindin waƙa suke maimaitawa. Idan makirfo ya fifita Shata ya bar yaransa a nesa, asarar da aka yi ta kalmomi kaɗan ce, domin mai sauraro ya riga ya haddace amshin tun daga ɗa na farko. Lamarin ya sha bamban a wajen makaɗan fada masu kotso, irin su Ibrahim Narambaɗa da Alhaji Musa Ɗanƙwairo, wanda ya rasu a 1991. A nan jagora yakan fara magana ya sake ta, 'yan amshi su cafe su ƙarasa, wani lokaci su yi masa rakiya, wani lokaci su yi ƙari, wani lokaci a yi karɓeɓeniya. Sau da yawa zambo ko habaicin da ya fi zafi a bakin 'yan amshi yake fita. To, idan aka ɗauki irin wannan waƙa da makirfo ɗaya a bakin jagora, an ɗauki rabin jimla ne aka bar rabi a cikin hayaniyar kotso.

Wani abu da masu situdiyo na zamani ba su cika lura da shi ba shi ne, a ƙungiyoyi da dama makaɗan su ne 'yan amshin. Mutumin da yake rataye da kalangu a hammatarsa shi yake buɗe baki ya amsa, kuma tsakanin bakinsa da fatar kalangun bai kai kamu biyu ba. Babu wani makirfo da zai ji bakin ya ƙi jin fatar. Mafitar da masu situdiyo suka saba da ita ita ce a raba aikin: a ɗauki kiɗa tukuna, sannan jagora ya shiga shi kaɗai ya sa lasifikar kunne ya ɗora muryarsa, daga ƙarshe a kira 'yan amshi su ɗora tasu. Wannan hanya ta dace da waƙar fiyano, wadda aka rubuta baitocinta tun a gida kuma na'ura ce take riƙe da saurin kiɗa. Amma makaɗin baka a wurin yake ƙulla waƙarsa. Tsawon ɗan waƙa ba a ƙayyade yake ba. Da ido, ko da ɗaga murya, ko da karkata kai, jagora yake sanar da yaransa cewa ya zo gaɓar da za su karɓa, su kuma da ƙarfin amshinsu suke zuga shi ya ƙara. Idan aka ɗauki kiɗan kafin muryar, an tilasta wa jagora ya auna maganarsa da tazarar da aka riga aka yanka masa, sai 'ya'yan waƙar su fito kusan tsawo ɗaya, tamkar baitocin rubutacciyar waƙa. Manazarcin da ya samu wannan faifai zai iya rubuta cewa makaɗin yana da daidaitaccen tsari, alhali tsarin na mai situdiyo ne.

Ya kamata a yi wa masu wannan hanya adalci. Bahaushe mai son kalma ne, abin da ya fara nema a waƙa shi ne ya ji me aka ce kuma da wa ake. Fifita muryar jagora yana biyan wannan bukata, kuma ɗaukar kowa daban yana ba da damar gyara kuskure ɗaya ba tare da an sake waƙar duka ba, abin da yake rage wa makaɗi kuɗin sa'o'in situdiyo. Haka kuma ga makaɗi tilo kamar Ɗanmaraya Jos, wanda ya rasu a 2015, matsalar ba ta taso ba sam, domin murya ɗaya ce da kuntigi ɗaya, makirfo guda a daidai tsakanin baki da ƙirji ya wadatar. Inda hanyar ta gaza shi ne a waƙar ƙungiya, kuma mafi yawan makaɗan yankin da ake nazari na ƙungiya ne.

4.4 Kayan Kiɗa

Kalangu yana magana ne ta hanyar bin hawa da saukar karin sautin Hausa. Makaɗi yana matsa tsarkiyoyi da hammata sauti ya hau, ya sassauta ya sauka, da haka ake gane take ko kirarin mutum ba tare da an furta kalma ba. Sai dai wannan hawa da sauka a cikin amon da yake biyo bayan bugu yake, kuma amon yana fita ne ta fuskokin kalangun biyu. Idan aka manna makirfo dab da fatar da ake bugu, ƙarar makaɗi a kan fata ce za ta cika shi, amon ya koma baya, taken ya zama ƙwanƙwasa kawai. Ga shi kuma makaɗin kalangu ba ya tsayawa cik, yana juyi yana sunkuyawa. Abin da ya fi kyau shi ne a ja makirfo baya da rabin mita zuwa mita ɗaya, a gefe, inda zai ji fuskokin biyu. Ɗan karɓi da kuntuku kuwa sautinsu siriri ne mai ratsawa, ba sa buƙatar nasu makirfo, sau da yawa ma matsar da su baya ake yi.

Gangar noma ta fi kowanne wuyar sha'ani. A ƙasashen Tudun Wada da Doguwa, inda damina take da ƙarfi kuma noma ne babbar sana'a, an yi wannan ganga ne domin a ji ta daga wannan kunya zuwa ƙarshen gona, a fili inda babu bango. Sautinta mai kauri ne, kuma sauti mai kauri zangonsa dogo ne: wanda yake kaɗawa sau 100 a daƙiƙa zangonsa ya kai mita 3.4, wato daidai da faɗin ƙaramin ɗaki. Idan aka buga ta a ɗakin da aka yi domin murya ɗaya, sautin yakan bugi bango ya dawo ya taru, ya zama wani irin gunji da yake binne murya. Soson da ake liƙawa a bango siraran sautuka yake shanyewa, masu kauri kuwa ratsa shi suke yi. Sakamakon haka mai situdiyo yakan roƙi makaɗi ya sassauta hannu. Makaɗin noman da ya sassauta hannu kuwa ya riga ya bar kiɗan noma, domin zafin bugun ne yake tayar da tsimin manomi, shi kuma ihun manomi da kirarinsa su suke ƙara wa makaɗi sauri.

Garayar mafarauta, irin wadda ake ji a garuruwan da suke kewaye da dajin Falgore, matsalarta akasin wannan ce. Tsarkiyarta ba ta da ƙarfin sauti, 'yan buta da suke raka ta kuwa kacau-kacau ɗinsu yana shiga makirfo mai kaifin ji fiye da komai. Ita ce ta cancanci a kusanta mata makirfo, a daidai inda wuya ya haɗu da ƙoƙo, su kuma masu buta a nesanta su. Kiɗan ƙwarya, wanda Barmani Coge ta yi fice da shi kafin rasuwarta a 2013, a zaune ake yin sa a ƙasa, saboda haka dole a sauko da makirfo, a kuma kiyaye shi daga feshin ruwan da aka kifa babbar ƙwarya a ciki.

4.5 Hanyar da Ta Fi Dacewa da Waƙar Ƙungiya

Bisa abin da ya gabata, wannan nazari yana ganin cewa ɗaukar ƙungiya gaba ɗaya a lokaci guda, a ɗaki mai faɗi ko ma a rumfa a waje da dare ya raba, ita ce ta fi kusa da riƙe sifar waƙa. Dabarar ba sabuwa ba ce. Tun a 1931 Alan Blumlein ya yi rajistar hanyar haɗa makirfo biyu wuri ɗaya, kowane yana fuskantar nasa ɓangare, domin mai sauraro ya ji na dama a dama, na hagu a hagu. Gidan rediyon Faransa ya fito da wata makamanciyarta a wajejen 1960, inda ake raba kawunan biyu da santimita 17 a buɗe su da digiri 110, kusan yadda kunnuwan mutum suke. Makaɗan karkara na Amurka irin su Bill Monroe, a shekarun 1940, makirfo ɗaya suke kewayewa, wanda lokacinsa ya zo ya matso, ya gama ya ja baya. Makaɗan Hausa sun riga sun iya wannan, domin haka suke yi a gaban wanda suke yi wa waƙa.

Abin da ake buƙata shi ne 'yan amshi masu kiɗa su tsaya a rabin da'ira, a kafa makirfo biyun a tsakiya a bisa tsayin kai domin su fi kusa da bakuna a kan fatu, jagora ya fuskanci yaransa yana da nasa makirfo guda. Gyaran ƙarfin sauti da ƙafa za a yi shi, wanda ya yi ƙara ya ja baya taki ɗaya. Idan har an ƙara makirfo, akwai ƙa'idar da masu ɗaukar sauti suke bi, wato nisan da ke tsakanin makirfo biyu ya ninka nisan kowannensu da mai sautinsa sau 3. Dalili shi ne sauti yana tafiyar kimanin mita 340 a daƙiƙa, idan bugu ɗaya ya isa makirfo biyu a lokuta mabambanta aka haɗa su, wasu sassansa sukan soke juna, ganga ta yi fayau kamar an buga kwali. Yawan makirfo a kan ƙungiya mai ganguna biyar yakan ƙara wannan lahani ne.

Sanƙira ma yana cikin waƙa. Shi yake fayyace sunan da jagora ya ambata, ya faɗi kyautar da aka yi, kuma ta bakinsa manazarci yakan gano wanda ake yi wa waƙa da kuma lokacin da aka yi ta. Cire shi da sunan tsabtace sauti, ko cire guɗar mata a kiɗan ƙwarya, yana raba waƙar da shaidar muhallinta.

4.6 Tasirin Ɗauka a Kan Rubuta Matanin Waƙa

Matakin farko na nazarin waƙar baka shi ne mayar da ita a rubuce, kuma duk abin da zai biyo baya na turke da salo da tsari a kan wannan matani yake ɗoruwa. Hausa tana bambanta ma'ana da sautuka masu kama da juna, kamar k da ƙ a kalmomin baki da baƙi, ko b da ɓ a bari da ɓari. Abin da yake raba k da ƙ a kunne ɗan kaifi ne na lokaci kaɗan, kuma shi ne farkon abin da yake ɓacewa idan murya ta yi nisa da makirfo, ko idan an kwafi kaset daga kaset sau da dama kamar yadda masu sayar da kaset suka riƙa yi a kasuwanni. Kusantar makirfo fiye da kima shi ma yana da nasa lahani, domin Bahaushe da leɓɓa biyu yake furta f, iskar takan daki makirfo ta rufe gaɓar da ke biye, sai fa an sa ɗan kyalle a tsakani ko an karkatar da shi gefen baki. Har wa yau, ƙananan rikodoji da wayoyin hannu suna rage ƙarfin ɗauka da kansu idan suka ji ƙara, saboda haka duk lokacin da babbar ganga ta sauka sai muryar da ta zo tare da ita ta nutse.

Wannan yana daga cikin dalilan da suke sa a samu manazarta biyu sun rubuta ɗan waƙa ɗaya na Narambaɗa da kalmomi mabambanta, musamman a wuraren da 'yan amshi suke ƙarasawa. Don haka a rataye na wannan kundi, kowace waƙa an gabatar da ita da bayanin inda aka ɗauke ta, a dandali ne ko a situdiyo, da ko an ɗauki ƙungiyar tare ne ko daban-daban, da kuma ko daga kwafi aka rubuto ta. Inda amshi ya nutse a cikin kiɗa an sa ɗigo-ɗigo a gurbinsa, ba a cike shi da zato ba.